Laifinki Ne Ko Laifin Wayar?

   Wadda ke bakin murhu ta ɗan jawo rediyo kusa, wadda ke kitso ta ci gaba da kitsonta, kunne kawai muke aro.

Yau zancenmu a kan wayar hannu yake, da hotunan bidiyon nan da muke tura wa juna, da kuma wata tambaya da ta daɗe tana damuna: idan waya ta gagare ki, laifin wa ne?

Abin da ya tayar mini da maganar, kwanakin baya na je wani gidan suna. Bayan an ci an sha, an idar da la'asar, sai kowa ta zaro wayarta, aka shiga nune-nune. Wannan ta nuna bidiyon yadda ake murza dubulan, waccan ta nuna sabon zanen lalle, wata ɗaurin ɗankwali, wata kuma guntun wasan barkwanci da ya sa ɗakin ya kaure da dariya. Ana cikin haka musu ya tashi. Uwargidan gidan ta ce ita dai WhatsApp, don ta san wadda ta turo mata, kuma da baki take mayar da amsa, babu ruwanta da rubutu. Amaryarta ta ce, “Haba Yaya, ai TikTok ya fi sauƙi, kina buɗewa kallo ya fara, ɗan yatsa kawai za ki riƙa turawa sama.” Ƙanwar mai gidan, wadda ke karatu a makarantar gaba da sakandare, ta ce duk su yi haƙuri, YouTube ne uwa ma-ba-da-mama, don a can ne mutum ke neman abin da yake so da kansa.

Can gefe kuma ga wata gwaggonsu a kan tabarma, wayarta ɗaure a gefen zane. Aka ce, “Gwaggo, ke wanne kika fi so?” Sai ta ce, “Ku rabu da ni 'yan nan, ni kaina ba ya ɗaukar waɗannan abubuwa. Idan na taɓa sai in ɓata.” Wannan magana ta tsaya mini a rai. Matar nan ta aurar da 'ya'ya, ta yi shekaru tana riƙe da adashin unguwa ba a taɓa jin kuɗin wata ya salwanta ba, lissafin kowa yana kanta babu littafi. A ce wai kanta ba ya ɗauka?

Kafin mu je ga amsar, bari mu ɗan waiwaya baya. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. Da wayoyi masu ɗaukar memori suka yawaita, macen da ba ta fita sai ta ba yaro memori da 'yan kuɗi, ya kai wa masu tura fina-finai a bakin titi, abin da suka ga dama shi suke zubo mata. Maƙwabciya kuma ta tura miki ta Bluetooth, ku haɗa wayoyi ku zauna kuna jira. A can Amurka kuwa, a 2005 wasu samari uku suka kafa YouTube. Bidiyon farko da aka ɗora, ranar 23 ga Afrilu na shekarar, bai wuce daƙiƙa 19 ba: ɗaya daga cikinsu, Jawed Karim, yana tsaye gaban giwaye a gidan ajiye namun daji. Shekara ɗaya bayan nan kamfanin Google ya saye shi a kan dala biliyan 1.65. WhatsApp ya zo a 2009, TikTok kuma, na wani kamfanin ƙasar Sin, ya fito duniya a 2017. Yau ga shi daga cikin ɗakinki kina kallon Labarina ko Izzar So, kina koyon yankan riga, kina tallata turaren wuta da cincin ba tare da kin leƙa zaure ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matan da ke cikin gida. Shi ya sa bai kamata a bar wata a baya don tana tsoron taɓa waya ba.

To, 'yar uwa, dubi butar da ke tsakar gidanki. Wa ya taɓa zaunar da ke ya koya miki inda ake riƙe buta? Babu. Mariƙinta ya gaya miki inda hannu zai shiga, bakinta ya gaya miki inda ruwa zai fito. Haka ludayi, haka muciya. Kayan aiki mai kyau da kansa yake bayyana yadda za a yi da shi. Su ma manhajojin waya, wato su WhatsApp da YouTube ɗin nan, mutane ne suka zauna suka tsara fuskarsu: ina za a sa wannan maɓalli, wane launi za a ba shi, wace alama za a zana a kansa. Akwai waɗanda aikinsu ke nan, da shi suke ci da iyalinsu. Idan sun iya, sai abin ya zama kamar buta. Idan sun gaza, sai ke ki zauna kina zargin kanki.

Wani malami Ba'amurke mai suna Don Norman ya rubuta littafi a kan wannan a 1988. Ya kawo misalin ƙofar da aka sa wa mariƙi irin na ja, alhali turawa ake yi. Duk wanda ya zo sai ya ja, ƙofa ta ƙi buɗuwa, ya ji kunya. Malamin ya ce idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a tuhumi wanda ya ƙera abin. Ya kuma kawo misalin da mu mata muka fi kowa sani: murhun girki mai kai huɗu, biyu gaba biyu baya, amma an jera makunnansa a layi ɗaya. Sau nawa kika murɗa na tukunyar miya sai wuta ta tashi a kan da babu komai? Da an jera makunnan yadda kawunan suke, ko yarinya ba za ta ɓata ba.

Yanzu ki duba alamomin da ke fuskar wayarki. Alamar saƙo ambulan ce, irin ta gidan waya. Alamar haɗa hoto da saƙo wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ma'aikatan ofis ke maƙale takardu da shi. Alamar adana abu a wasu manhajoji hoton wani faifan kwamfuta ne da aka daina amfani da shi tun tuni, yaran yanzu ko a Turai ba su taɓa riƙe shi ba. Duk kayan ofis ne, waɗanda suka tsara su daga ofis suka ɗauko. To matar da ba ta taɓa zaman ofis ba, ta yaya za ta kalli ƙarfen maƙale takarda ta gane cewa nan ne ake tura hoto? Ga kuma Turanci a ko'ina. An dai fara gyarawa, Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya sa Hausa a 2016, amma har yanzu yawancin abin da waya ke tambayar ki da Turanci take tambaya.

A ƙasar Indiya, wajen shekarar 2006, wata mai bincike da ake kira Indrani Medhi ta yi aiki da matan unguwannin talakawa na birnin Bangalor, masu aikatau a gidajen mutane, waɗanda yawancinsu ba su yi karatu ba. Ita da abokan aikinta suka tsara musu manhajar neman aiki wadda babu rubutu a cikinta. Sun gano cewa zanen hannu da ke nuna ana cikin yin aikin ya fi saurin ganewa a kan 'yan ƙananan alamomin nan, cewa murya mai bayani da harshen mutum tana taimakawa ƙwarai, kuma lambobi ba su cika ba matan wahala ba. Abin da aka ga yana rikita mutane shi ne tsarin nan na shiga nan, ka sake shiga can, ka kuma shiga wani wuri, kamar ɗaki cikin ɗaki cikin ɗaki. Da aka gyara tsarin, matan da a da ba sa iya komai sai wani ya taya su, suka riƙa samo abin da aka ce su nemo. Matan dai su ne, ba a canza musu ƙwaƙwalwa ba. Kun ji amsar Gwaggo.

Wannan ne ma ya sa nake ganin uwargida tana da hujja. A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya: ki danne alamar makirfo, ki yi magana, ki saki, saƙo ya tafi. Wannan ɗan maɓalli shi ya shigo da iyayenmu da kakanninmu cikin harkar. Mai sayar da kayan miya a cikin gida tana karɓar ciniki da baki, uwa tana jin muryar 'yarta da ke aure a Maraɗi ko Kumasi, babu sauran neman ɗan makaranta ya zo ya karanta mata sirrinta. Haka kuma bidiyon da aka turo miki, kafin ki sauke shi akwai lamba a kansa da ke nuna nauyinsa. Wannan tsari ne na mutunci, an gaya miki farashi kafin ki saya.

To amma fa, 'yan uwa, sauƙi iri biyu ne, kuma nan ne nake so mu buɗe kunne sosai. Akwai sauƙin da aka yi domin ke, akwai wanda aka yi domin mai kayan. YouTube da TikTok da Facebook ba su karɓi ko sisi a hannunki ba kafin ki shiga, mafi yawan kuɗinsu daga talla yake zuwa. Gwargwadon daɗewarki kina kallo, gwargwadon tallan da za a nuna miki. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa bidiyo na ƙarewa wani zai hau da kansa. Shi ya sa idan kina tura ɗan yatsa sama ba za ki taɓa isa ƙarshe ba. Wannan dabara ta shafi marar ƙarshe, wani injiniya mai suna Aza Raskin ake danganta wa ƙirƙiro ta a 2006, kuma daga baya shi da bakinsa ya fito ya nuna nadama saboda lokacin mutane da take ci. Kwano yana da gindi, idan kin cinye kin san kin cinye. Wannan kwanon an fasa gindinsa ana ta zubawa. Kuma manhajar tana lura da bidiyon da kika kalla har ƙarshe, da wanda kika maimaita, sai ta riƙa kawo miki irinsa. Amarya ta yi gaskiya, babu abin da ya kai shi sauƙi. Sai dai ta tambayi kanta, tuwo nawa ya kama, data ta nawa ta ƙone, kuma a cikin abin da ta kalla jiya, me za ta iya tunawa yau?

Sauƙi na biyu mai haɗari shi ne na turawa gaba. Dannawa biyu, bidiyo ya shiga gidaje ashirin. Da yawanmu mun tuna daren nan na watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya riƙa yawo a wayoyi wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. 'Yan uwa na buga wa 'yan uwa waya cikin dare saboda ƙauna, amma maganar ƙarya ce, an kwantar da mutane a asibiti, an kuma ba da rahoton rasuwar aƙalla mutum 2. A Indiya kuwa, a 2018, wani bidiyo ya bazu a WhatsApp yana nuna wasu mutum biyu a kan babur sun sure yaro a titi. Ashe wasan faɗakarwa ne da aka shirya a Pakistan don jan hankalin iyaye, wani ya yanke ƙarshensa inda aka dawo da yaron. Saboda irin wannan jita-jita, jama'a suka riƙa far wa baƙin da ba su ji ba ba su gani ba, aka rasa rayuka.

Me masu WhatsApp suka yi? Da gangan suka rage sauƙin. A 2018 suka sa alamar kibiya a kan duk saƙon da turo shi aka yi, ba mai aikowar ce ta rubuta ba. A farkon 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci ɗaya a duk duniya. A 2020, lokacin korona, suka ce saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa, mai kibiya biyu, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda. Kun ga ashe wani lokaci tsari mai kyau shi ne wanda ya ɗan riƙe miki hannu, kamar marfin kwalbar magani da aka yi shi da wuyar buɗewa saboda yara.

To yanzu ga wasu 'yan abubuwa da za ki iya yi yau ɗin nan. Idan ba ki gane wurin ba, kira 'yarki ko ƙanwarki, amma da sharaɗi: wayar tana hannunki, ita ta nuna da baki, ke ki danna da yatsanki. Idan ta karɓe ta yi miki, gobe ma sai kin neme ta.

Na farko, saƙon murya. Idan kin fara magana kika ga kin yi kuskure, kada ki ɗaga yatsa, ja shi gefen hagu, saƙon zai goge. Idan kuma kika tura yatsan sama, zai kulle, ki ajiye wayar ki yi magana hannunki na aiki, kuma za ki iya tsayarwa ki saurari kanki kafin ki aika. Magana zarar bunu ce, gara ki ji ta tukuna.

Na biyu, kafin ki tura hoto ko bidiyo, dubi suna da hoton da ke saman allon. Mata da yawa sun ji kunya saboda abin da aka yi niyya ga mutum ɗaya ya faɗa guruf ɗin dangi. Idan hakan ta faru, danne saƙon, ki taɓa alamar kwandon shara, ki zaɓi gogewa ga kowa da kowa, kada ki zaɓi gogewa a wayarki kaɗai. Ana ba da kimanin kwana 2, amma wadda ta riga ta gani ta gani. Haka tsarin nan na kallo sau ɗaya da aka kawo a 2021, kada ya ruɗe ki, ana iya ɗaukar hoton allon da wata wayar. Hoton da ba za ki so surukarki ta gani ba, kada ki aika shi ko'ina.

Na uku, data. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin da ke kula da ajiya da data, a duba a tabbatar bidiyo ba ya sauka da kansa sai kin taɓa. A YouTube, idan kin taɓa bidiyon da ke tafiya, za ki ga wata alama mai haƙora kamar giyar keke, a nan ake rage ƙarfin hoto. Ƙaramar lamba irin 240 ko 360 ta fi 720 tsimin data nesa ba kusa ba, kuma ta ishe ki jin wa'azi ko ganin yadda ake girki. Kusa da ita akwai ɗan makunnin da ke hana wani bidiyo hawa da kansa, a kashe shi. Idan kuwa gida ɗaya kuke, ɗaya ta sauke, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth, wannan ba ya cin data.

Na huɗu, duk bidiyon da ya zo da kibiya biyu, ko ya zo da “tura wa mutum goma”, ko ya tayar miki da hankali nan take, musamman na magani da na rikici, ki dakata. Wa ya ɗauka? A ina? Yaushe? Idan babu amsa, ya tsaya a kanki. Batun lafiya kuma a tambayi ma'aikatan asibiti.

Wataƙila wata za ta ce, to a musun gidan sunan nan wa ta yi nasara? Ni dai a ganina kowacce ta riƙe wani ɓangare na gaskiya. WhatsApp ya fi dacewa da zumunci da ciniki. YouTube ya fi dacewa da koyo, don ko da Hausa kika rubuta “yadda ake alkaki” zai kawo miki, ki tsayar, ki koma baya, ki sake kallo har hannunki ya faɗa, illarsa sai an ɗan iya rubutu ko an sami mai rubutawa. TikTok na nishaɗi ne, amma ki shiga da lokacin fitarki a rai, kamar yadda kike shiga gidan maƙwabta kin bar tukunya a kan wuta. Duk manhajar da aka kawo miki, auna ta da tambaya uku: ina gane ta ba sai an fassara mini ba? Idan na yi kuskure tana ba ni hanyar gyarawa? Idan na so fita tana sakina?

Ita kuwa Gwaggo, kafin a watse na roƙe ta ta kwance wayar daga gefen zane. Na nuna mata makirfon da baki, ta danne da yatsanta, ta gaida 'yarta, ta saki. Ba a jima ba amsa ta dawo, ta ji muryar jikanta yana kiran ta. Ta dube ni ta ce, “Au, dama shi ke nan?” Na ce shi ke nan, Gwaggo. Don haka idan akwai irinta a gidanku, yau bayan magariba ku zauna da ita, ku bar wayar a hannunta, kada a yi mata dariya, kada a gaggauta ta.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ke da tambaya, ko wani maɓalli da ya daɗe yana ba ta wahala, ta aiko mana, ko a rubuce ko da murya, za mu duba shi tare. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara, a gaida masu gida. Ku huta lafiya.